Ranar da Mundri Ta Nemi Bijimi

Bashiran ta tsuguna ƙarƙashin ɓaunarta, irin ta gida da ake tatsa, da bokiti tsakanin gwiwoyinta, ta kai hannu ga hantsa, sai ta dakata. Kawunan nonon a cike suke tam, alhali ko wanke su ba ta yi ba balle ta lallashe su. Ta ja, ta sake ja, abin da ya sauko bai kai rabin na jiya ba, na jiyan ma abin kunya ne. Ta ajiye bokitin ta zagaya baya. Nan inda dabbar ta kwana, ga wani zaren yauƙi a ƙasa, garau kamar farin ɗanyen ƙwai.

"Baban Nasrin! Kai, Baban Nasrin, taso ka gani!"

Mijinta, Khushi, yana kan gadon igiya a gindin bishiyar tsakar gida, inda ciwon asma ya ajiye shi shekara da shekaru. Bai taso ba. Ya dai ɗago kai.

"Mutuwa ta yi?"

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Bijimi take nema!"

"Yau?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Yau ɗin nan da Sharafat dillali zai zo da mota? Wallahi dabbar nan tana jin magana. Labe take yi mana."

Bashiran ba ta ga abin dariya ba. Ta dubi ɓaunar, ɓaunar ta dube ta da fararen idanunta tana tuƙa, kamar ba ita ta hana mutane barci shekara guda da rabi ba. Mundri suke ce mata, saboda ƙahoninta sun nannaɗe kamar zobe. Kakar Mundri ce ta rako Bashiran gidan miji daga garken mahaifinta, kuma tun daga ranar gidan bai taɓa rasa man da za a shafa wa gurasa ba, sai a kan wannan 'yar banzar.

Wanda bai kiwata ɓauna ba bai san takaici ba. Saniya in tana son bijimi duk unguwa sai ta sani, ta yi ta kuka, ta tsinke igiya, ta haye 'yan'uwanta. Ɓauna kuwa zurfin ciki gare ta. Abin zai zo mata ya wuce cikin yini da kwana ba ta ce uffan ba, sai dai mai ido ya tsinci alama a hantsa ko a ƙasa. Ga ta kuma da zaɓen lokaci. Sai rana ta fara gajarta, sanyi ya leƙo, sannan jikinta yake buɗewa, ta ɗauka, ta haihu a ƙarshen damina mai zuwa. Da bazara kuwa, baƙar fatar nan da ba ta iya gumin kirki tana shan rana, sai mahaifa ta rufe ƙofa ta kwanta. Mundri ta yi kuskuren haihuwa a bakin bazarar bara, zafi ya rufe ta tun ba ta farfaɗo ba. Da sanyi ya zo aka yi mata allurar iri har sau biyu, ba ta kama ba. Wata bazarar ta sake zagayowa ta wuce. Nono ya yi ta ja da baya, ciki dai bai ja ba, kullum sai ta cinye damin ciyawa da ƙuli-ƙulin angurya.

Shi ya sa a makon jiya Khushi ya yi wa Sharafat dillali alkawarin sayar da ita. Bayan la'asar ɗin yau zai zo ya ɗauke ta, gobe kasuwar dabbobi ta Okara. Kowa ya san ɓaunar da ta ƙafe ba ta da ciki ba makiyayi ke sayenta ba, mahauci ne.

"An yi ruwa shekaranjiya, gari ya yi sanyi, shi ne jikinta ya motsa," in ji Bashiran. "Kira Sharafat ka ce an fasa."

"In ce an fasa saboda me? Saboda kin ga yauƙi? Namiji ya yi alkawari, Maman Nasrin. Hanya ɗaya ce. In aka hau ta kafin ya zo, shi kansa ya san ba a kai wa wuƙa dabbar da ake zaton tana da ciki. Ko ni ba zan ji kunyar faɗa masa ba. In ba haka ba..." Ya buɗe tafin hannu.

Ta fizge wayar daga ƙarƙashin matashinsa ta kira Dakta Nawid.

Dakta dai ba likita ba ne, wata shida ya yi yana koyon allurar iri a Sahiwal, amma duk wanda ya ɗaura tulun sanyi na ajiye iri a bayan babur a ƙauyenmu ya zama Dakta. Sai da hantsi ya ɗaga ya iso, rigarsa jiƙe da gumi. Ya sa doguwar safar roba har kafaɗa, ya duba Mundri ta ciki, Bashiran na riƙe da wutsiya.

"Gwaggo, idonki bai yi ƙarya ba. A shirye take. Amma daga yanzu zuwa faɗuwar rana ne, in ya yi yawa zuwa asuba. In ya wuce sai bayan mako uku, in ma zai dawo a wannan zafin."

"To me kake jira? Ɗauko abinka."

Ya je ya kwance murfin tulun. Ko yaushe ya buɗe shi wani farin tiriri ne yake malalowa. Yau shiru. Ya leƙa, ya girgiza, ya sake leƙawa kamar wanda ya jefa guga a busasshiyar rijiya.

"Inna lillahi. Ruwan sanyin ya ƙafe."

"Ya ƙafe? To, sai a yi yaya?"

"Irin da ke ciki ya mutu ke nan. Motar da take kawo mana ba ta zo ba tun wancan makon. Na ɗauka zai kai ni Litinin."

"Ka ɗauka!" Bashiran ta saki wutsiyar. "Ka taso tun daga gidanku, ka ƙona mai, ka sa mini hannu a cikin dabba, ba ka ko leƙa tulun ba? Ashe ranar tafiya kake fafe goranka?"

"Gwaggo, da ni macuci ne da na tura mata shi hakanan, ba za ki sani ba sai bayan wata uku."

Wannan gaskiya ce, kuma ita ta ƙara mata haushi, don ba ta bar mata inda za ta kama shi ba. Ya kira abokan sana'arsa biyu. Ɗaya nasa tulun ma a bushe, ɗayan yana Multan wajen bikin ƙanwarsa.

"Sai dai bijimi," in ji Dakta yana cire safar.

"Wane bijimin? Ba ku kuka zo da allurarku aka sayar da na gari ba? Kududdufin da dabbobi ke kwanciya ma an cike shi an yanka filaye. Kun kashe mana komai, kun bar mu da tulu!"

"Akwai ɗaya," in ji Khushi daga kan gado, yana kallon ganyen bishiya. "A ƙauyen gaba. Baƙi wuluk, wuya kamar turmi."

Ba ta juya ba. Ta san wanda yake nufi, bijimin Ilam Din.

Ilam Din yayanta ne uwa ɗaya uba ɗaya. A wajenmu, in uba ya rasu, 'ya mace takan yafe wa 'yan'uwanta maza rabonta na gona, su kuma su riƙa aiko mata da tufafin sallah, su tsaya mata ranar aurar da 'ya'ya. Bashiran ta ƙi yafewa. Miji ba lafiya, ba ɗa namiji, ta ce ita tufafi ba za su ciyar da ɓaunarta ba. Aka yanko mata 'yar gonar da take shuka ciyawa a ciki har yau. Ilam Din ya rantse a gaban mutane ba zai ƙara yi mata magana ba. Ita ma, da yake cikin nan ɗaya suka fito, ta rantse ƙafarta ba za ta ƙara tsallake dokin ƙofarsa ba. Shekara biyar ke nan. Ya aurar da 'yarsa, sai kiɗan ta jiyo daga nesa.

"Ba sai kin ce masa komai ba," in ji Khushi. "Kin san al'ada. Ba a hana bijimi, ko ga wanda ya kashe maka uba. Ki je ki ɗaure ta a turken ƙofar garke, ki juya baya. Za a sako shi. Da ni ina da numfashin tafiya..."

"Da kai kana da numfashi da ba ka yi wa Sharafat alkawari ba."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi, ta cusa wayar a ƙugu, ta kwance igiyar Mundri. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ai ya fi wutar zafi.

Sanyin ruwan shekaranjiya ya riga ya tsere. Ƙasa tana tiriri, iska ta tsaya cak, gonakin shinkafa suna ƙyalli hagu da dama. Mundri na tafe tana jan ƙafa, kowane ɗan taku sai ta ɗaga wutsiya ta ɗiga fitsari kaɗan, wanda shi ma alama ce, sai dai alama mai cin lokaci. Bashiran tana gaba tana ja, tana haddace yadda za ta yi. Za ta ɗaure igiya, ta kalli gabas. Ba za ta sha ruwansu ba. In matarsa Hajran ta fito gaisuwa, za ta amsa da ka.

Saura kaɗan su isa, hanya ta hau kan gaɓar kanal, babbar magudanar da ke kai wa gonaki ruwa. Mundri ta ɗaga hanci ta shaƙi ruwa.

"Kul! Kada ki soma! Mundri, na ce kul!"

Wa ya taɓa riƙe ɓauna da ta ga ruwa? Igiyar ta zare daga hannun Bashiran ta bar mata zafi a tafi, dabbar ta gangara gaɓa, ta kutsa, ta yi wani dogon nishi, ta nutse. Ba abin da ya rage a sama sai hanci, da idanu, da zobban ƙaho biyu.

Bashiran ta kira ta da daɗin baki. Ta yi mata irin kukan bakin da take yi mata in za a ba ta abinci. Ta tsinko ɗanyar ciyawa ta kaɗa. Ta jefe ta da hoge, hogen ya fashe a ƙaho, ko gezau. Ta tattare wando ta shiga har gwiwa, sai ta ji ƙasa ta zame, ta ja da baya da sauri, don ita ba ta iya ruwa ba. Ta zage ta, ta zagi uwarta, ta kai kan kakarta sai ta tuna daga garken wa ta fito, ta haɗiye zagin.

Wani mai tara madara ya zo wucewa da manyan gwangwanaye a babur, ya rage gudu.

"Inna, wanka aka kawo amarya?"

"Sauko ka taya ni fito da ita, in kai ɗan halak ne."

"Ni? Ɓauna da tsakar rana? Ko gwamna bai isa ba. Sai ta ga inuwa ta miƙe." Ya ƙara wuta ya yi gaba.

Ta zauna a gaɓa, takaici ya cika ta har wuya. Daga nan tana hango bishiyoyin gidan yayanta. In ta jira inuwa ta miƙe, sannan ta lallaɓa dabbar ta fito, sannan su ƙarasa, la'asar ta wuce, Sharafat ya gaji da jira ya biyo sawu da motarsa. Ga shi duk dabarar da ta taho da ita a jikin igiyar nan take. Da ɓauna a hannu, ita mai neman bijimi ce, al'ada za ta yi mata magana. Ba ɓauna, ita ƙanwa ce da ta zo ƙofar wanta. Kuma ba abin da al'ada ta tanada za ta roƙa ba, domin mace ake kai wa bijimi, ba a fito da shi yawon neman mata.

"Allah ya isa tsakanina da ke," ta ce wa hancin da ke kan ruwa. Ta miƙe ta kakkaɓe mayafi.

Ta tarar da shi a ƙofar gida kan gadon igiya, yana zuƙar tukunyar taba. Ya tsufa. Gemun da ta bari da ratsin fari yanzu ya sha lalle ja, kafaɗun sun rankwafa irin na mahaifinsu. Wannan ya soke ta a ƙirji, ta kuma ji haushin da ya soke ta. Wani ƙaton kare ya taso yana haushi, Hajran ta leƙo, ta dafe ƙirji, ta daka wa karen tsawa.

"Bashiran! Ikon Allah! Shigo mana, shigo daga rana!"

"Nan ma ya isa, Yaya Hajran." Ta tsaya taku biyu daga dokin ƙofa. Ta dubi bango, ba shi ba. "Ɓaunata tana neman bijimi."

Ilam Din ya busar da hayaƙi. Ya juya wajen garke, inda baƙin bijimin yake kwance a inuwar rumfa.

"Badal," ya ce wa bijimin, "ka ga wata ɓauna a turke? Ni dai idona ya yi rauni."

"Tana cikin kanal. Ta ƙi fita."

"Badal, wai tana cikin kanal. Kai za a ɗauka a kai mata, kamar mai tallan kayan miya. Tun zamanin kakanni ka taɓa jin haka?"

"Haba, Malam," in ji Hajran.

"Da bijimina nake magana."

Bashiran ta ji jini ya hau mata ka. Ta so ta juya. Ta ma juya ɗin, sai ta hango hanyar da ta biyo, ta tuna da motar Sharafat mai shingen ƙarfe.

"Yaya," ta ce, kalmar ta fito mata da ƙyar kamar ƙaya, "jikar Kali ce. Kali ta Baba, wadda ka riƙe wa igiya ranar da aka kai ni. In rana ta faɗi ba a hau ta ba, gobe tana hannun mahauta. Ban zo maganar gona ba. Ban zo a yafe mini ba, don ban yi laifi ba. Bijimi na zo roƙo."

Tukunyar tabar ta yi ta gurgur. Hajran ta goge ido da bakin mayafi. Can Ilam Din ya jawo takalmansa da yatsun ƙafa.

"Tashi, Badal. Ba don kowa ba, don Kali. In aka ji jininta ya ƙare a kan faifan mahauci alhali kana kwance, ni za a zaga."

Haka suka jero, shi da bijimi a gaba, ita a baya. Zuciyarta ta ɗan yi sanyi. Ta ce a ranta shi ke nan, da bijimin ya sansano Mundri magana ta ƙare.

Suna isa, Badal ya gangara gaɓa, ya wuce Mundri ko kallo bai yi mata ba, ya nemi wuri can ƙasa da ita, ya yi nishi, ya nutse. Hanci biyu ke nan a kan ruwa.

"Me ke nan?" Bashiran ta ɗora hannu a ka. "Me nake gani? Wannan ne bijimin da ake yi wa kirari?"

"Badal, gaya mata kai ma fata gare ka. Da rana tsaka ko an ɗaura maka aure ba ka da wannan ƙarfin. Ta jira yamma."

"Mundri," in ji Bashiran, don ita ma tana da dabbar yi wa magana, "gaya masa yamma tana da mai ita. Dillali zai zo."

"Badal, tambaye ta wa ya aike su yi wa dillali alkawari? Mutum yana da gonar ciyawa sukutum, gonar da aka tsaga zumunci a kanta, ya kasa riƙe ɓauna ɗaya?"

"Mundri, gaya masa gonar nan ita ta riƙe ki har yau. Da tufafin sallah na karɓa, da tuni kin zama tsire."

Suka zauna a inuwar bishiya ɗaya, don ita kaɗai ce a wurin, kowa ya ba ɗan'uwansa kafaɗa. Aka kira azahar daga ƙauyukan biyu. Ya yi alwala a kanal ya yi salla, ita ma ta matsa gefe ta yi tata. Hajran ta aiko da gurasa da tulun kindirmo kaɗaɗɗe. Bashiran ta ce ba ta jin yunwa, cikinta ya ƙaryata ta da ƙarfi har Ilam Din ya ce wa Badal a gaya wa masu azumin dole cewa wannan abincin bai tsallake dokin ƙofar kowa ba, fitowa ya yi. Ta ci. Man da ke kan gurasar irin na gidansu ne, ta ji kamar ta yi kuka, sai ta huce a kan ƙudaje.

Faɗan bai ƙare ba, hutawa yake yi ya dawo. Ta gaya wa Mundri yadda ta ji kiɗan bikin 'yar wanta daga kan rufin ɗaki. Ya gaya wa Badal yadda mutane suka yi ta nuna shi a masallaci, wai ga wanda ƙanwarsa ta kai shi gaban mai auna ƙasa. Ta ce Allah ne ya ba ta rabon, ba shi ba. Ya ce bai ce ba Allah ba ne. Daga nan ya koma karya tsinke.

Aka kira la'asar. Ba a jima ba wayar ta yi ƙara a ƙugunta.

"Maman Nasrin, ga Sharafat ya zo," in ji Khushi. "Na ba shi shayi. An yi?"

Ta dubi ruwa. Hanci biyu, kowane a inda yake.

"Ƙara masa wani shayin."

"Ya ce yana da wasu gidajen. In ce masa an yi?"

Ta buɗe baki. Kalma ɗaya ce, kuma ba mai gani sai wanda ya rantse ba zai yi mata magana ba. Amma Sharafat zai sa Khushi ya rantse, Khushi kuwa da numfashinsa ɗaya da rabi ba za ta ɗora masa rantsuwar ƙarya ba.

"Ba a yi ba. Ka riƙe shi da hira. Ba ita kaɗai ka iya ba?"

Ta kashe wayar. Yanzu ba ta da sauran zagi. Ta zuba wa ruwan ido kawai, tana jin tsoro sosai, irin wanda ba ta ji ba tun safe saboda faɗa ya rufe shi.

Inuwar bishiyar ta miƙe har ta taɓa ruwa. Wata 'yar iska ta taso daga gonakin shinkafa. Badal ya ɗago kai, ya kaɗa kunne, ya taso ruwa na zuba daga gadon bayansa. Ya nufo Mundri a hankali, ya sansana, ya ɗaga hanci sama ya yage leɓe. Ilam Din ya daina karya tsinke. Mundri ta miƙe, ta fita ta wajen da gaɓa ta yi kwance, bijimin na biye, ya ɗora haɓa a kan kuturinta. Nan ne ake gane gaskiya, don wadda ba ta shirya ba gaba take yi. Mundri ta kafe ƙafafu ta tsaya.

Abin da aka wuni ana jira bai kai tsawon hamma ba.

Bashiran ta kira Khushi. "Gaya masa an yi. In yana son shaida, Ilam Din ɗan Barkat Ali ya gani da idonsa." Ta ji Khushi ya ja numfashi zai yi tambaya, ta katse.

Ta gangara ta kamo jiƙaƙƙiyar igiyar. "Mu je gida, 'yar banza." Ta ja. Mundri ta juya kai wajen bijimin, wanda ya riga ya kama hanyar garkensu, ta bi shi, tana jan Bashiran kamar tsumma. Dabbar da ta wuni ana roƙonta ta taka ƙafa ɗaya, yanzu har da sauri.

"Badal," in ji Ilam Din yana tafe a gefe, "gaya mata hawa ɗaya a wannan zafin ba tabbas ba ne. Ko ya kama, zafi na iya zubar da shi tun yana gudan jini. In son bijimin ya dawo mata bayan mako uku, wa zai gani? Yau ma sa'a aka yi. Kai kuwa hancinka ba ya kuskure. A bar ta a wajenka, ku yi ta shiga ruwa tare, har sanyi ya shigo a tabbatar."

Bashiran ta tsaya. Ta san gaskiya ya faɗa, kuma ta gaji da mutanen da ke faɗa mata gaskiya yau. Tun asuba take yaƙi kada a fitar mata da ɓauna daga gida, ga shi za ta koma da igiya kaɗai.

"Wa zai tatse ta? Ba ta sakar wa kowa nono sai hannuna. Ko Nasrin ta gwada, shuri ta sha."

"Badal, to sai mai hannun ta riƙa zuwa."

"Na yi rantsuwa."

Sun iso. Ilam Din ya ɗage sandar da ke tare bakin garke, dabbobin biyu suka shige. Ya nuna ƙasa da ƙafarsa, inda ba komai sai taɓo da sawun kofato.

"Badal, a duba mata da kyau. Garke yana da dokin ƙofa?"

Ta duba ɗin. Babu. Ta yi tsaki, ta shiga, ta kwance igiyar daga wuyan Mundri, ta ɗan mare ta a goshi, ta fito tana naɗe igiyar a gwiwar hannu. Ta lissafa tafiyar, safe da yamma, cikin taɓon damina, saboda nonon da bai cika kwano ba.

"Da asuba nake tatsa," ta ce, ta riga ta ba shi baya. "Kada in zo in tarar da karen nan a sake."

"Za a ɗaure shi, Bashi."

Ta kama hanya tana mita, tana shirya abin da za ta faɗa wa Khushi, da Dakta, da duk wanda ya cike kududdufin gari. Sai da ta hau gaɓar kanal sannan ta tsaya da igiya a hannu. Bai ce Badal ba. Sunanta ya kira.